Gidaje 15 da Alkawarin Aiki 1,000: Rikicin Unguwar Fort Trumbull da Majalisar Birnin New London

Ana jajibirin bikin godiya da Amurkawa ke yi kowace shekara, cikin watan Nuwamban 2000, Susette Kelo ta tarar da takarda manne a ƙofar gidanta. Ɗan ƙaramin gida ne na katako a titin East, cikin unguwar Fort Trumbull ta birnin New London, jihar Connecticut. A 1997 ta saye shi, ta gyara shi da guminta, ta shafa masa fenti ruwan hoda, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinta a wurin shi ne yadda take hango ruwan kogin Thames daga gidan. Takardar tana sanar da ita cewa an karɓe gidan, an yanka mata diyya, sai ta fara shirin tashi. Ba don bashi ba, ba don haraji ba, kuma babu wanda ya ce ginin ya lalace har zai cutar da wani. Abin da ya ja masa kawai shi ne ya faɗo cikin layin da aka zana a wata taswira, wadda majalisar birni ta amince da ita wata goma kafin ranar, domin buɗe wa sababbin kasuwanci wuri.

Wanda ya ji labarin daga nan zai yi saurin cewa zalunci ne tsagwaronsa. Ni dai ban ga haka a farkon lamarin ba, kuma rashin adalci ne a yanke wa majalisar hukunci ba tare da an dubi halin da garin yake ciki ba. New London tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da ta yi arziki a ƙarni na 19, daga baya ta yi ta ja da baya. A 1990 gwamnatin jiha ta sanya garin cikin jerin garuruwan da tattalin arzikinsu ya durƙushe. A 1996 gwamnatin tarayya ta rufe cibiyar binciken yaƙin ƙarƙashin teku ta sojan ruwa da ke Fort Trumbull, wurin da ya taɓa ɗaukar ma'aikata sama da 1,500. Zuwa 1998 rashin aikin yi a garin ya kusa ninka na jihar, mutanen garin kuma sun ragu zuwa ƙasa da 24,000, adadin da ba a ga ƙarancinsa ba tun 1920. Ga kuma wata matsalar da ba a cika ambata ba: garin ƙarami ne a faɗi, kuma fiye da rabin ƙasarsa ba ta biyan haraji, domin kwalejoji ne a kai da asibiti da makarantar horar da dakarun tsaron gaɓar teku da sauran gine-ginen gwamnati. A Connecticut kuwa, harajin gidaje da filaye shi ne babban abin da gari yake dogara da shi wajen biyan malamai da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Ɗan majalisar da ke zaune yana duban wannan lissafin, in aka ce masa ga babban kamfani nan zai shigo, dole zuciyarsa ta buga.

Kamfanin ya shigo kuwa. A watan Fabrairun 1998 kamfanin magunguna na Pfizer ya ba da sanarwar zai gina cibiyar bincike ta dala miliyan 300 a wani tsohon filin masana'anta da ke maƙwabtaka da Fort Trumbull. Wata guda kafin haka, gwamnatin jiha ƙarƙashin Gwamna John Rowland ta amince da dala miliyan 5.35 don aikin tsare-tsare, da wasu miliyan 10 don mai da tsohon sansanin Fort Trumbull wurin shaƙatawa na jiha. A lura da wannan tun yanzu, domin mutane da yawa suna ruɗewa a kai: filin da Pfizer ya yi gini ba gidan kowa ba ne. Gidajen da aka zo karɓewa suna gefe, kuma an so su ne don abubuwan da ake fatan za su biyo bayan kamfanin.

Majalisar gari a Amurka tana da iko iri biyu a kan ƙasa. Na farko shi ne tsara amfanin ƙasa, wato a ce nan gidajen kwana za a gina, can shaguna, can masana'antu. Kotun Ƙoli ta halatta wannan tun 1926 a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio, kuma yawancin rigingimun mazauna da majalisu a kansa ake yi. Wannan ikon yana iya hana ka gina abin da kake so, yana iya kawo maka hayaniya ƙofar gida, amma ba ya fitar da kai daga ɗakinka. Na biyu shi ne ikon karɓe ƙasa ko mai ita bai yarda ba, wanda gyara na biyar na kundin tsarin mulkin ƙasar ya gindaya wa sharaɗi biyu: ya zama don amfanin jama'a, kuma a biya diyya ta adalci. Masu tsara New London sun ga na farkon ba zai ishe su ba, domin sauya wa yanki matsayi a taswira yana nufin a jira masu gidaje su sayar ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da suka ga dama. Su kuma fili suke so dunƙulalle, fayau, wanda za a miƙa wa mai gini a ce masa bismillah. Sai suka haɗa biyun.

Tsarin da aka fito da shi ya shafi eka 90, wanda ya haɗa da eka 32 na tsohuwar cibiyar sojan ruwa da kadarorin mutane wajen 115. An raba shi kashi bakwai. Kashi na ɗaya otal ne na taro a bakin ruwa da gidajen cin abinci da shaguna da wurin ɗaure jiragen shaƙatawa. Na biyu sababbin gidaje kimanin 80 da filin gidan tarihin dakarun tsaron gaɓar teku. Na uku ofisoshin bincike. Sauran kuma ofisoshi da shaguna da wurin ajiye motoci. An ce za a samu aiki sama da 1,000, haraji kuma zai ƙaru. A watan Janairun 2000 majalisar birni ta amince.

A wannan zaman ne, a ganina, aka yi kuskuren da ya haifi sauran. Majalisar ba ta tsaya ga amincewa da tsari ba, ta ɗauki ikonta na karɓe ƙasa ta damƙa wa kamfanin raya New London, NLDC a taƙaice. Wannan kamfani ne mai zaman kansa da ba na neman riba ba, wanda aka farfaɗo da shi don wannan aikin, ƙarƙashin jagorancin Claire Gaudiani, shugabar kwalejin Connecticut a lokacin. Babu ɗaya daga cikin daraktocinsa da jama'a suka zaɓa, kuma a cikinsu har da George Milne, babban jami'in sashen bincike na Pfizer. Dokar jiha ta yarda da irin wannan wakilci, ba a karya doka ba. Amma ka dubi abin ta idon mai gida. Ɗan majalisa ka san shi, ka zaɓe shi, za ka iya tare shi a hanya ka gaya masa magana, za ka iya kayar da shi a zaɓe mai zuwa. Wanda ya manna maka takarda a ƙofa kuwa ba ka da yadda za ka yi da shi. Ka je majalisa a ce maka maganar tana hannun kamfani, ka je kamfani a ce maka majalisa ce ta amince. An yi tarurrukan jin ra'ayin jama'a, an duba tsare-tsare shida kafin a zaɓi ɗaya, duk wannan gaskiya ne. Sai dai mazaunan da suka kafa ƙungiyar ceton unguwa suna roƙon a gina sabon abu a bar tsofaffin gidajen a tsaye a cikinsa, an saurare su ne kawai, ba a ɗauki komai daga abin da suka faɗa ba.

Fort Trumbull ba aljanna ba ce. Unguwar masu ƙaramin ƙarfi ce, kusa da matatar ruwan ƙazanta da warinta ya daɗe yana damun mutane, ga gine-ginen kasuwanci da babu kowa a ciki. Mafi yawan masu gidaje sun karɓi kuɗi sun tashi, wasu da son ransu, wasu don sun ga in ba su karɓa ba ƙwacewa za a yi. Mutum tara ne suka ce ba inda za su, kuma kadarori 15 ne a hannunsu, goma daga ciki su ko danginsu ke zaune a ciki. A cikinsu akwai wata tsohuwa da aka haifa a gidanta a 1918, ba ta taɓa zama a wani gida ba, mijinta kuma ya shekara wajen 60 tare da ita a nan tun aurensu. Wace diyya ce za ta biya wannan? Mai ƙiyasin kuɗin gida yana auna faɗin fili da yawan ɗakuna da abin da aka sayar da gidan maƙwabta. Ba shi da ma'aunin ɗakin da uwarka ta haife ka, ko maƙwabciyar da ta san lokacin shan maganinka.

Abu ɗaya ya ƙara rura wutar. A tsakiyar yankin da aka ce dole a share shi tas akwai ginin wata ƙungiyar maza 'yan asalin Italiya, Italian Dramatic Club, wadda 'yan siyasar yankin ke yawan zuwa. An bar mata gininta. Daga ranar da mazauna suka ga haka, hujjar cewa tsarin ba zai yiwu ba sai an rushe komai ta mutu a wurinsu. In ana iya kauce wa gini ɗaya, me ya hana a kauce wa 15?

A watan Disamban 2000 suka shigar da ƙara, lauyoyin wata ƙungiyar kare haƙƙin mallaka, Institute for Justice, suka tsaya musu kyauta. An yi kwana bakwai ana sauraron shaidu, kuma a nan ne aka ga ramin da ke cikin tsarin. Kadarori huɗu suna kashi na uku, inda aka ce ofisoshi za a gina. Sauran 11, ciki har da gidan Kelo, suna wani yanki mai eka 2.4 da ake kira 4A, wanda aka rubuta cewa don tallafa wa wurin shaƙatawa ne ko tashar ƙananan jirage. Da aka matsa a faɗi takamaiman abin da za a yi da shi, sai amsa ta zama wataƙila wurin ajiye motoci, wataƙila shaguna. Kamfanin gine-ginen da aka zaɓa kuma, Corcoran Jennison, ana tattaunawa ne a ba shi hayar fili ta shekara 99 a kan dala 1 a shekara, kuma har lokacin ba a sa hannu a yarjejeniya ba. Wato an riga an karɓe gidajen mutane alhali babu takardar da ta ɗaure wani cewa sai ya gina wani abu a wurin. A 2002 alƙalin ya raba gardama: ya hana taɓa gidajen 4A, ya halatta na kashi na uku. Ɓangarorin biyu suka ɗaukaka ƙara.

A 2004 Kotun Ƙolin jihar Connecticut ta ba birni gaskiya a kan duka gidajen, da rinjayen alƙalai 4 a kan 3. Ra'ayin marasa rinjaye, wanda Mai shari'a Peter Zarella ya rubuta, shi ne a wurina magana mafi nauyi da aka yi a wannan shari'a baki ɗaya, duk da ba a cika tunawa da ita ba. Bai ce haramun ne a karɓe ƙasa don raya tattalin arziki ba. Cewa ya yi, tunda amfanin da ake magana a kai yana gaba ne, kuma yana hannun 'yan kasuwa masu zaman kansu, to sai birni ya kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa cewa amfanin zai tabbata. Idan hanya za a yi ko makaranta, gwamnati ce mai yi, an san za a yi. Idan otal ne, sai banki ya yarda ya ba da rance, sai kasuwa ta yi kyau, sai mai gini bai sauya shawara ba. Ya ga birnin bai kawo wannan hujjar ba.

Ranar 22 ga Fabrairun 2005 aka saurari ƙarar a Kotun Ƙolin Amurka. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta tambayi lauyan birni, Wesley Horton, ko gari zai iya karɓe ƙaramin masauki irin Motel 6 ya ba babban otal irin Ritz-Carlton saboda zai fi kawo haraji. Ya ce mata e, zai iya. Amsa ce ta gaskiya bisa matsayin da yake karewa, kuma ita ce ta tsorata mutane. Ranar 23 ga Yunin 2005 hukunci ya fito, 5 da 4, birni ya yi nasara. Mai shari'a John Paul Stevens, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya dogara da hukunce-hukuncen baya, na Berman a 1954 da na Midkiff a 1984, inda aka fassara amfanin jama'a da manufar da za ta amfani jama'a, ba lallai wurin da jama'a za su shiga da ƙafarsu ba. Ya ce New London tana da cikakken tsari da aka yi nazari a kai, ba a yi shi don azurta wani mutum guda ba, kuma ba aikin kotu ba ne ta yi hasashen ko tsarin zai ci nasara. Masu ƙara sun roƙi a ce sai da tabbaci mai ma'ana kafin a karɓe gida, kotu ta ƙi. Amma ya bar ƙofa a buɗe, ya ce kowace jiha tana iya tsaurara dokarta fiye da haka.

O'Connor ta rubuta cewa daga yanzu babu abin da zai hana a maye gurbin kowane gida da katafaren kanti, ko kowace gona da masana'anta, kuma waɗanda za su ci moriya su ne masu faɗa a ji, manyan kamfanoni da masu gine-gine. Mai shari'a Clarence Thomas ya ƙara da tarihi: fiye da kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka tayar a aikin rusau ɗin da aka halatta a shari'ar Berman baƙaƙen fata ne. Shi ya sa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP da ƙungiyar tsofaffi ta AARP suka shiga shari'ar a ɓangaren masu gidaje. Sun san a kan wa irin wannan bulala take sauka.

Ƙasar ta ɗauki zafi. Kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta. Mako guda da hukuncin, majalisar wakilai ta tarayya ta zartar da ƙudurin nuna rashin amincewa da ƙuri'a 365 a kan 33. A ranar da hukuncin ya cika shekara, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a umarnin taƙaita irin wannan karɓe ƙasa ga hukumomin tarayya. Jihohi fiye da 40 suka gyara dokokinsu, wasu da gaske kamar Florida, wasu kuma suka bar kafar da ake iya bi ta hanyar kiran unguwa lalatacciya. Ita kanta Connecticut a 2007 ta hana karɓe ƙasa idan babban dalili shi ne ƙara kuɗin haraji.

Duk wannan bai ceci Fort Trumbull ba. Bayan hukuncin har aka nemi mazauna su biya kuɗin zaman da suka yi a gidajen tun 2000, da hujjar cewa tun lokacin ba nasu ba ne, abin da ya ƙara wa mutane ɓacin rai. Tsohuwar nan ta rasu a 2006 a cikin gidan da aka haife ta, kafin a kai ga fitar da ita. A watan Yunin shekarar majalisar birni ta kaɗa ƙuri'ar fara korar waɗanda suka rage, Gwamna Jodi Rell ta shiga tsakani da ƙarin kuɗi daga jiha, aka sasanta. Kelo ta karɓi kimanin dala 442,000 da sharaɗin ba za a rushe gidanta ba, za a ɗauke shi a kai wani wuri. Sauran gidajen aka bi su da katafila.

Daga nan sai aka zauna jiran otal. Corcoran Jennison bai samu kuɗin gini ba, a 2008 ya rasa haƙƙinsa a filin. A watan Nuwamban 2009, jim kaɗan bayan haɗewarsa da kamfanin Wyeth, Pfizer ya sanar zai bar New London, ya kwashe ayyuka wajen 1,400, mafi yawansu zuwa Groton da ke tsallaken kogi. Tafiyar ta zo daidai da ƙarewar rangwamen haraji na shekara goma da aka yi masa, wanda a ƙarƙashinsa kashi ɗaya cikin biyar na harajin gininsa yake biya. Kuɗin jama'a da aka kashe wajen saye da rushewa da gyaran filin ya kusa dala miliyan 80. A 2011, bayan guguwar Irene, filin da gidajen suke a da shi ne inda mutanen gari suka riƙa kai rassan itatuwa da tarkacen da iska ta zubar. An saki reshe an kama ganye, kuma gidajen da aka rushe gidaje ne da ke cikin rajistar masu biyan harajin da ake kukan ƙarancinsa.

Masu kare majalisar suna cewa shari'ar shekara biyar ce ta kori masu zuba jari, sannan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ta ƙarasa abin. Akwai gaskiya a ciki. Suna kuma nuna abin da aka samu: wurin shaƙatawar Fort Trumbull yana nan, an share gurɓatacciyar ƙasa, an yi tituna, ginin Pfizer ma bai zama kango ba, domin kamfanin ƙera jiragen yaƙin ƙarƙashin teku na Electric Boat ya saye shi a 2010 ya cika shi da injiniyoyi. Na yarda da duk wannan. Amma ka duba jerin da kyau, babu ko ɗaya a ciki da ya buƙaci a rushe gidajen nan 15. Shari'ar da ake ɗora wa laifi kuma ba daga sama ta faɗo ba. Da an yi wa mutum tara abin da aka yi wa ƙungiyar 'yan Italiya, da babu wanda zai je kotu. Da majalisar ta ce ba za a taɓa gidan kowa ba sai mai gini ya sa hannu ya nuna kuɗinsa, da ko tsarin ya rushe mutane suna cikin ɗakunansu. Da ta ɗaure rangwamen haraji da sharaɗin kamfani ya zauna wasu shekaru bayan ƙarewarsa ko ya mayar da abin da aka yafe masa, da garin bai tashi a tutar babu ba. Yadda aka tsara abin, mai gini yana da damar janyewa, kamfani yana da damar tafiya, 'yan majalisa wa'adinsu zai ƙare. Masu gidajen ne kaɗai aka hana wa zaɓi, kuma su ne asarar ta hau kansu tun kafin a san ko za a ci riba.

A 2010, a wata liyafar cin abinci a New Haven, Mai shari'a Richard Palmer, ɗaya daga cikin alƙalai huɗun da suka ba birni gaskiya a kotun jiha, ya je wurin Kelo ya ba ta haƙuri, ya ce da ya san abin da ya sani yanzu da ƙuri'arsa ta sauya. Daga baya ya bayyana cewa abubuwan da yake nufi ba su riga sun faru ba a lokacin da suke yanke hukunci. Ƙuri'arsa ɗaya ce tsakanin 4 da 3. A 2012 magajin garin New London na lokacin, Daryl Finizio, shi ma ya nemi afuwar waɗanda aka tayar.

Gidan ruwan hodar kuwa an kwance shi katako bayan katako, aka sake haɗa shi a titin Franklin, cikin gari, a 2008. Yana nan tsaye da fentinsa, nesa da kogin da aka saye shi dominsa. Kelo ba ta koma cikinsa ba, ta bar New London.